Tubalin ɓawon kwakwa na renon tumatir: me yake karewa, me ba ya karewa

Tubalin ɓawon kwakwa da ake samu a shagunan kayan noma na Yamai, wanda yanzu ke isowa hannun masu garka a jihar Tahoua, dusar ɓawon kwakwa ce da aka busar aka matse da inji. Wanda aka fi gani kilo 5 ne. Galibinsa daga Indiya da Siri Lanka yake fitowa. Idan aka zuba masa ruwa lita 20 zuwa 25 sai ya kumbura ya ba da abin shuka kimanin lita 60 zuwa 70. Ana sayar da shi tare da baƙin farantin roba mai gurabu, wani 72, wani 105, wani 128, kowane gurbi tsiro ɗaya. Maganar da ke sayar da shi ita ce wai dashen da aka rena a cikinsa ƙwari ba sa kama shi. A ganinmu kayan yana da kyau ƙwarai kuma ya cancanci kuɗinsa ga mai tumatir, tattasai, attarugu, yalo da kabeji, amma wannan maganar rabinta ne gaskiya, kuma ɗaya rabin yana jawo asara ga wanda ya yarda da shi.

Rabin da ke gaskiya shi ne tsabta. Ƙasar fangalin da aka shekara ana tumatir a kai, a Tabalak ne ko a kwarin Maggiya, tana ɗauke da abokan gaba tun kafin a zuba iri: tsutsar saiwa da ido ba ya gani, wadda ake kira nematodi, mai sa saiwa ta yi ƙululu, ƙwayoyin fumfuna masu ruɓar da wuyan tsiro ya kife cikin dare ɗaya, da kuma tsutsar Tuta absoluta, mai huda ganye da ƴaƴan tumatir, da ke kwanciya cikin ƙasa kafin ta fito da fiffike. Sabon tubalin da ba a yage ledarsa ba ba ya ɗauke da nematodi ko Tuta. Tsiron da ya yi kwana 25 zuwa 30 na farkon rayuwarsa da lafiyayyar saiwa, aka ciro shi da dunƙulensa ba tare da an tsinka masa komai ba, yana kama ƙasa da wuri, kuma ba ya shiga fangali da raunukan da cuta ke bi. Wannan amfani ne babba, ko da shi kaɗai ne.

Sai dai ɓawon kwakwa ba magani ba ne, kuma kusan babu abinci a cikinsa. Ƙarfin da tsiro zai yi wa ƙwaro ya dogara ga abin da mai reno ya yi da tubalin bayan ya saya, kuma a nan ake samun ɓarnar.

Gishiri ne matsala ta farko. Kwakwa itaciyar bakin teku ce, ɓawonta cike yake da sodiyam da fotasiyam, wasu masu sarrafawa ma cikin ruwa mai gishiri suke jiƙa shi. Akwai tubalin da aka wanke, akwai wanda aka wanke aka kuma jiƙa da kalsiyam, akwai wanda ba a yi masa komai ba, kuma a ido duk ɗaya suke. A duba takardar jikin ledar a nemi haruffan EC, ma'aunin gishirin da ke ciki: idan an rubuta ƙasa da 0.5, wankakke ne. Inda muke ganin gazawar shaguna da yawa ke nan. Wani tubalin babu takarda a jikinsa, wani an fasa shi ana sayarwa guntu-guntu a ajiye a ƙasa kusa da buhunan taki, kuma da wuya mai shago ya ce wa mai saye ya wanke kafin ya shuka. Tubalin da aka buɗe aka bar shi a ƙasa ya riga ya rasa tsabtar da ake biyan kuɗi dominta. Kada a saye shi ko an rage farashi.

Wanki kuwa ba wuya. A kumbura shi cikin rabin tano, a juye cikin buhu mai fitar da ruwa, a kwarara masa ruwa mai kyau sau uku ana matsewa har jan ruwan ya yi haske. Wanki yana fitar da gishirin da ke yawo, amma akwai wanda ke manne a jikin zaren. Idan aka bar shi, da an ba tsiro taki sai ɓawon ya riƙe kalsiyam da magniziyam ɗin takin, ya saki sodiyam da fotasiyam a madadinsu. Kalsiyam shi ke ɗaure bangon ƙwayoyin jikin tsiro. Idan ya yi ƙaranci sai sabon ganye ya fito a murɗe, bakin saiwa ya mutu, fumfuna ta sami ƙofa. Don haka bayan wanki a jiƙa shi kwana guda cikin ruwan da aka narkar da takin nitrat na kalsiyam, gram 1 a kowace lita, ruwan ya shanye kansa sosai, sannan a ɗauraye sau ɗaya. Wanda ba shi da na'urar awon gishiri ya cika gurabu goma da ɓawon, goma da wankakken rairayi, ya shuka salati a duka. Salati ba ya jure gishiri. Idan na cikin ɓawon ya makara wajen fitowa ko bakin ganyensa ya ƙone, a sake wanki. Mai tattasai ya fi mai tumatir bukatar wannan gwaji, domin tumatir ya fi tattasai da albasa haƙuri da gishiri nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi gishiri jawo ƙwari shi ne yadda ake ciyar da dashen, kuma a nan za mu daɗe. Tsiro yana fitowa cikin kwana 4 zuwa 7, ya rayu da guzurin da ke cikin ƙwayar irin. Wajen kwana 10, da ganyen gaskiya na farko ya ɓullo, sai ya fara yin ɗorawa, saboda ɓawon ba shi da azot, wato naitirojin, har ma yana shanye kaɗan daga wanda aka zuba. Mai garka da ya saba da fangali sai ya ɗebo ure cikin kwalin ashana ya narkar a butar ban ruwa mai lita 10. Kwalin ashana yana ɗaukar kusan gram 15, kuma ure kashi 46 cikin ɗari azot ne, ke nan kowace lita ta ɗauki kusan miligiram 690. Ɗan tsiro mai ganye biyu bukatarsa ba ta wuce miligiram 50 zuwa 100 a lita ba. An ba shi ninki bakwai ko fiye. Wanda bai ƙone ba sai ya yi tsawo, ya yi kore shar, kara siriri, ganye mai laushi cike da ruwa. Ido yana ganin lafiya, ƙwaro kuwa yana ganin abinci. Darɓa da farin ƙuda ruwan jikin ganye suke tsotsa don neman azot. Idan ya yawaita a ruwan sai su yi saurin girma su yi yawan haihuwa. Tsutsar Tuta ma ta fi rayuwa a ganyen da aka cika wa azot. Tsiron da ke gudun girma kuma yana rage ƙera sinadaran ɗaci da yake kare kansa da su. A ƙasar fangali laka da ruɓaɓɓen taki suna riƙe wani kaso na abin da aka zuba su rage kaifinsa. A gurbin da bai kai cikin kofin shayi ba, duk abin da aka zuba kai-tsaye yake zuwa saiwa.

Gwargwadon da muke ba da shawara shi ne gram 5 na taki 15-15-15 a lita 10 na ruwa. Wannan yana ba da miligiram 75 na azot a lita, tare da fosfor da fotasiyam. A daka shi, a jiƙa tun dare, a tace da tsumma don ba ya narkewa duka. A ba da shi sau biyu a mako daga fitowar ganyen gaskiya, a mako na uku a kai gram 10, a makon ƙarshe a janye shi a rage ruwa don dashen ya yi tauri. Dashen da ake so gajere ne, santimita 12 zuwa 15, ganye huɗu ko biyar, kara mai kauri da gashi-gashi. Gashin nan ba ado ba ne. A kansa ne tumatir ke fitar da danƙon da ke hana ƙananan ƙwari sakewa, kuma daga dangin tumatir na daji na Kudancin Amurka masu yawan irin wannan gashi ne masu binciken iri ke ƙoƙarin ɗauko juriyar Tuta da farin ƙuda.

Ruwa kuma ta fuska biyu yake cutarwa. Ɓawon yana riƙe ruwa ninkin nauyinsa sau da yawa, kuma samansa kan yi kamar ya bushe alhali cikinsa jagab yake. Wanda ke ban ruwa safe da yamma bisa al'ada zai tara wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje masu kama da sauro. Su kansu ba sa cin ganye, amma tsutsarsu, fara mai baƙin kai, tana zaune a santimita biyu na sama tana gaigayar ƙananan saiwoyi, ruɓar wuya ta biyo baya. A yanka dankalin turawa a kifa a kan gurbi. Idan suna nan, cikin kwana biyu za a gan su a ƙarƙashi. Maganinsu shi ne a daina ban ruwa da agogo, a riƙa ɗaga farantin a ji nauyinsa, sai ya yi sauƙi sosai a ba shi, da safe. A yayyafa wankakken rairayi mai tsakuwa-tsakuwa a saman gurabun, a rataya tarkon danƙo mai launin ɗorawa. Ɗaya fuskar ita ce iskar hunturu. Ɗan gurbi yana iya bushewa ƙarƙaf tsakanin hantsi da azahar, kuma tsiron da ke yawan yaushi da ƙura a ganye shi ne abin da jan gizo ke nema. A yankin Adar faranti mai gurabu 72 ya fi mai 128, don gurbinsa ya fi girma, ya fi jinkirin bushewa da ɗaukar zafi.

Shi ya sa ba mu son a yi amfani da ɓawon zalla. Haɗin da ya fi ba da dashe mai ƙarfi shi ne kashi biyu na wankakken ɓawo, kashi ɗaya na takin gargajiya da ya ruɓe sarai aka tankaɗe, da kashi ɗaya na ɓuntun shinkafa da aka babbake ya yi baƙi bai zama toka ba. Inda ɓuntu ke wuyar samu, wankakken rairayin korama ko dakakken ɓawon gyaɗa da ya ruɓe yana maye gurbinsa wajen shigar da iska. Takin yana sakin abinci sannu-sannu, yana kuma kawo ƙananan halittu masu amfani da ke kokawa da fumfunar ruɓar wuya. Amma ta hanyarsa ne kuma ƙazanta ke dawowa. Takin da ke da ɗumi ko warin fitsari bai nuna ba. Wanda ake shakkarsa a jiƙa shi, a shimfiɗa kaurin da bai wuce santimita 15 ba, a lulluɓe da farar leda mai nuna ciki, a danne gefuna da ƙasa, a bar wa ranar Afrilu da Mayu mako huɗu zuwa shida. Mai gaggawa ya turara shi a tano, zafin ya kai digiri 60 zuwa 70 na minti 30. Kada a gasa shi a kan wuta kai-tsaye har ya yi hayaƙi. Hakan yana kashe masu amfanin gaba ɗaya, yana kuma sakin abubuwan da ke ƙona saiwa. Za a iya ƙara tunkuzar ƴaƴan bedi, cikin tafi ɗaya a lita 10 na haɗin, amma a jiƙa a bar shi mako biyu kafin shuka, domin ɗanyarta tana danne tsirowar iri.

Ana yawan cewa ɓuntun shinkafa yana da silika mai taurara ganye. Yana da ita da yawa, gaskiya ne, sai dai tumatir kaɗan yake ɗauka. Kokwamba da kankana da malo sun fi cin moriyarta. Ga tumatir amfanin ɓuntu shi ne iska a saiwa. Yana da kuma illa da ta shafi wannan yanki musamman. Babbakakken ɓuntu yana da kaifin toka, ƙasar Adar kuwa ta dutsen farar ƙasa ce, shi ya sa ma aka kafa masana'antar siminti a Malbaza, kuma ruwan rijiyoyi da yawa yana ɗauke da ita. Idan biyun suka haɗu a ɗan gurbi sai saiwa ta kasa ɗaukar sinadarin ƙarfe: sabbin ganyen sama su yi fari-fari, jijiyoyinsu na nan kore. Mai garka ya ga haka ya ce yunwa ce, ya ƙara ure, ya koma cikin matsalar da muka bayyana. A wanke ɓuntun kafin haɗawa, kuma kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu.

Akwai wani abu da masu sayar da iri da masu sayar da faranti duka ba sa faɗa. Harafin N a jikin gwangwani ko ledar irin tumatir, kamar a Rossol VFN, yana nufin irin yana jure nematodi. Roma VF ba shi da shi. Juriyar daga ƙwayar gado guda take zuwa, mai suna Mi, wadda aka ɗauko daga tumatirin daji na Peru, kuma tana taimakawa kaɗan har a kan darɓa da farin ƙuda. Amma tana raunana idan zafin ƙasar da saiwa ke ciki ya zarce digiri 28 ya daɗe a haka. Baƙin faranti a rana, a garin da iska kanta ke wuce digiri 40 a bazara, yana zarce wannan iyaka tun kafin azahar. Muddin farantin yana kan tebur babu nematodi a ciki, ba damuwa. Da an ajiye shi a ƙasa, saiwa ta leƙo ta ramin gindi ta shiga ƙasar garka mai zafi, to iri mai N da marar N sun zama ɗaya, kuma za a kai ƙululun fangali da hannu. Gara da gyare da tururuwa ma ta nan suke hawa. A ɗora farantai a kan tebur na kara ko waya, tsayin santimita 60 zuwa 80, a yi rumfa mai tare ranar tsaka. Bayan dashe a rufe gindin da ciyawa ko karan hatsi don ƙasa ta yi sanyi. Dashen watan Nuwamba da Disamba shi ke cin cikakkiyar moriyar harafin N. Mai dashen Maris kada ya dogara da shi, ya nemi fangalin da aka yi hatsi ko dawa a kai. Akwai ma nau'in nematodi a Afirka ta Yamma da Mi ba ta tare shi ko da sanyi.

Abin da ke tashi sama kuwa babu ruwansa da abin da ke cikin gurbi. Tuta, wadda asalinta Kudancin Amurka ne, ta shiga Sifen a 2006, ta bazu har jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kanta a 2016. Mace ɗaya tana iya yin ƙwai har 260, kuma da zafi ba ta cika wata ba take zagayowa. Farin ƙuda shi ke ɗauko cutar nannaɗewar ganye, kuma tsiron da ya kamu tun yana faranti da wuya ya yi ƴaƴan kirki. Kariyarsu raga ce. Gidan sauro na gida yana tare Tuta da manyan malam-buɗe-littafi, amma farin ƙuda yana ratsa shi. Shi sai raga mai ido 50 a inci. A rufe teburin ta kowane gefe tun ranar shuka, a nisanta shi da tsohon tumatir, yalo ko kuɓewa. Shagon da ya sayar wa mutum tubali da faranti bai yi masa maganar raga ba ya sallame shi da rabin kaya.

Inda tubalin ya fi burge mu, kuma ba a cika tallata shi da haka ba, shi ne wajen zaɓen iri. Masu garka da yawa suna ajiye iri daga gindin da ya tsira daga ƙwari, suna cewa jininsa ne mai ƙarfi. Sau da yawa ba jini ba ne, wuri ne: gindin ya faɗo inda taki bai yi yawa ba, ko inda inuwa ta sanyaya ƙasa, ko inda nematodi ba su taru ba. An yaba wa iri abin da ƙasa ta yi. Ɓawon kwakwa yana kawar da wannan ruɗani, don kowane gurbi abu ɗaya ne a cikinsa. Ƙungiyar manoma da ke son gwada iri uku ko huɗu ta cika ledojin dashe masu lita 1 da haɗi guda, ta ƙara wa kowace leda kofi ɗaya na ƙasar da aka ɗebo daga gindin tumatir mai ƙululu aka cakuɗa ta sosai, ta dasa tsiro 20 zuwa 30 na kowane iri. A sa Roma VF a cikinsu a matsayin ma'auni. Idan shi bai yi ƙululu ba, ƙasar ba ta da nematodin kirki, gwajin bai yi ba. A gauraya ledojin, kada a jera kowane iri a gefe guda, ruwa ɗaya, taki ɗaya, a inuwa, da sanyi. Bayan mako shida a tuge, a wanke saiwa, a ƙirga ƙululu. Haka ake yi wa farin ƙuda da darɓa: a bar faranti ɗaya ba raga, iri a gauraye, a riƙa juya ganye ana ƙirga duk mako. A kuma kula da haruffan F1, alamar irin da aka samu daga auren iri biyu. Irin da aka cire daga ƴaƴan F1 yana rarrabuwa; galibin waɗannan aure ne na mai Mi da marar Mi, don haka kusan ɗaya cikin huɗu na jikokin zai fito babu juriyar sam. Irin da ake ajiyewa shekara-shekara sai wanda ba aure ba.

Lissafin saye kuwa ga shi. Faranti mai gurabu 72 yana cin lita 3 da ɗan kai, tubali ɗaya zalla yana cika kusan faranti 20, wato tsiro 1,400. Da haɗin da muka faɗa ya ninka. Rubu'in hekta a tazarar santimita 80 da 50 yana ɗaukar gindi 6,250, wato faranti kusan 90 da tubali uku idan da haɗin ne. Ga mai sayen irin F1 mai tsada, da ƙwaya ɗaya a gurbi ɗaya, rarar irin kaɗai tana rage kuɗin tubalin. Ga mai albasar Galmi ba shi da amfani: hekta ɗaya tana cin dashe dubu ɗaruruwa, babu farantin da zai ɗauka. Shi ya gasa fangalin renonsa da farar leda, ya canja masa wuri kowace shekara, ya rage ure.

Farantan kansu iri biyu ne. Mai laushi da ke lanƙwashewa idan aka ɗaga shi da hannu ɗaya ba ya wuce reno ɗaya ko biyu a ranar Tahoua, kuma duk lanƙwasawa tana tsinka saiwa. Mai kauri ya fi tsada, amma yana shekaru idan ana ɓoye shi a inuwa. Kafin a sake shuka a cikinsa a goge ragowar ƙasa, a jiƙa shi minti 30 cikin ruwan Javel kashi ɗaya a ruwa kashi tara, a ɗauraye, a shanya. Ragowar haɗin da dashe ya mutu a cikinsa kada a mayar da shi faranti. A kai shi ramin taki ya sake ruɓewa.